Fatauci A Bakin Wuta: A Tafi Gabashin Chadi Ko A Dakata?

Daga kasuwar Ɗan Isa zuwa ta Magarya, daga Birnin Ƙonni har zuwa Diffa, akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a rumfunan 'yan kasuwa da tashoshin manyan motoci, wato wai kaya sun yi tsada a gabashin Chadi, duk wanda ya kai sukari ko shinkafa ko atamfa ko takalman roba garin Abeshe ko Adre, to zai dawo da riba ninki. Mu ma a gidan rediyo masu saurare sun sha kiranmu suna tambaya, shin a tafi ne ko kuwa a dakata? Maganar tsadar kaya gaskiya ce, ba mu musa ba. Sai dai abin da ya kawo tsadar shi ne yaƙin da ya ɓarke a Sudan, kuma duk ribar da yaƙi ya kawo, da haɗarinta take tafe. Saboda haka muka ga ya dace mu zauna da 'yan uwa mu baje maganar a faifai, domin wanda zai tafi ya tafi da ido buɗe, wanda zai fasa kuma ya san dalilin fasawarsa.

Abin da ke jan mutane

Idan ba a manta ba, ranar 15 ga watan Afrilun 2023 ne faɗa ya kaure a birnin Khartum tsakanin sojojin gwamnati ƙarƙashin Janar Abdel Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Mohamed Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemeti. Kafin a ce kwabo wutar ta kai Darfur, yankin da ya yi iyaka da Chadi. Hanyoyin da a da ake bi a kawo wa Darfur kaya daga Khartum da bakin teku suka toshe, sai ya zamana fulawa da sukari da man fetur da magani akasari ta yamma suke shiga, wato ta Chadi. Bugu da ƙari, alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa daga farkon yaƙin zuwa shekarar 2025 'yan gudun hijira sama da 800,000 suka tsallako Chadi. Garin Adre kaɗai, wanda kafin yaƙi ake ƙiyasta mutanensa da kusan 40,000, ya karɓi baƙi fiye da 200,000. Ga baki da yawa masu neman abinci, ga ƙungiyoyin agaji suna hayar gidaje da motoci suna sayen kaya, dole farashi ya tashi.

Wani abin kuma shi ne, hanyar ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Ita ce kakanninmu suka bi da ƙafa da jakuna zuwa aikin hajji, daga Kano da Katsina da Damagaram su ratsa Borno, su yada zango a Abeshe babban birnin Wadai, su wuce Darfur har su kai gaɓar Bahar Maliya. Da yawa ba su dawo ba, sun zauna a can sun hayayyafa, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka yi hijira gabas, har aka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Shi ya sa a yau mutum zai ce yana da ɗan uwa a Abeshe, yana da suruki a Darfur, don haka yana ganin kamar gida zai je. To, zumunci yana samar wa mutum masauki da abinci, amma ba ya tare harsashi.

Nisan wuta ba a auna shi da kilomita

Hujjar da muka fi ji daga masu niyyar tafiya ita ce, ai yaƙin a Sudan ake yi, su kuwa a Chadi za su tsaya. Mu duba wannan magana da kyau. Tsakanin Adre da Al-Junaina, babban birnin Darfur ta Yamma, tafiyar kusan kilomita 30 ce kawai. A Al-Junainar nan ne aka kashe gwamnan jihar, Khamis Abakar, a watan Yunin 2023, kuma masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta cewa mutum 10,000 zuwa 15,000 aka kashe a garin cikin wannan shekara, yawancinsu 'yan ƙabilar Masalit. Waɗanda suka tsira sun ba da labarin yadda ake tare mutane a hanya ana tambayar ƙabilarsu kafin a san abin da za a yi da su. A irin wannan wuri, cewa "ni ɗan kasuwa ne" ba ta isa kariya ba.

Manyan fatake da suka yi zirga-zirga a shekarun baya sun san yadda rikicin wannan iyaka yake. A watan Disambar 2005 'yan tawaye suka kai hari Adre, har gwamnatin Chadi ta ce tana cikin halin yaƙi da Sudan. Ranar 13 ga Afrilun 2006 aka wayi gari ana faɗa a cikin Injamena kanta. A watan Nuwambar wannan shekara 'yan tawaye suka shiga Abeshe, aka wawashe rumbunan kayan agaji. A ƙarshen Janairun 2008 kuwa ayarin motocin 'yan tawaye ya taso daga bakin iyakar Sudan, cikin 'yan kwanakin da ba su kai mako guda ba ya ratsa ƙasar baki ɗaya, ranar 2 ga Fabrairu sai ga shi a ƙofar fadar shugaban ƙasa. Layukan salula suka ɗauke, dubban mutane suka yi tururuwa a kan gada suna tsallakawa Kusiri ta ƙasar Kamaru, masu shaguna suka bar kayansu a hannun Allah. Bayan wata uku, a Mayun 2008, 'yan tawayen Darfur su ma suka ratsa hamada har birnin Omdurman. Sai a Janairun 2010 ƙasashen biyu suka sasanta suka kafa rundunar haɗin gwiwa a kan iyaka.

Darasin da ke cikin wannan tarihi a fili yake. Yaƙin wannan yanki a kan motocin Toyota masu ɗauke da bindigogi ake yin sa, tafiyar da tirela mai kaya za ta yi a kwana uku su a wuni ɗaya suke yin ta. Yanzu kuma an ƙara da jirage marasa matuƙa. A watan Maris na 2025 wani babban hafsan sojan Sudan, Janar Yasir al-Atta, ya fito fili ya yi barazanar kai hari filayen jirgin saman Injamena da Amjaras, bisa zargin cewa ta nan ake shigar wa RSF da makamai, zargin da Chadi ta musanta, tare da gargaɗin cewa za ta mayar da martani. Bayan da birnin Al-Fashir ya faɗa hannun RSF a ƙarshen Oktoban 2025, faɗan ya matso garin Tine na kan iyaka, an rasa sojojin Chadi a can, kuma a watan Fabrairun 2026 gwamnatin Chadi ta sanar da rufe iyakarta da Sudan. Ba wannan ne karo na farko ba, domin tun ranar da yaƙin ya fara a 2023 ta taɓa rufe ta. Iyakar da ake rufewa da sanarwa guda ta rediyo, duk wanda kayansa ko bashinsa ke ƙetare ya san inda ya tsaya.

Kafin ma a kai can

Mutum ba zai tashi sama ya sauka Abeshe da buhunansa ba, sai ya bi hanya, kuma hanyoyin da muke da su kowacce da nata ciwon. Mai bi ta cikin Nijar zai tashi daga Damagaram ya bi Gure da Maine-Sorowa zuwa Diffa da Ngigmi, daga nan kwalta ta ƙare, sai rairayin Kanem har ya fita Masakori. Jihar Diffa kuwa tun hare-haren Boko Haram na watan Fabrairun 2015 a Boso da Diffa aka sa mata dokar ta-ɓaci, kuma 'yan kasuwar tattasai da kifi ba su manta da yadda aka tsayar da sana'arsu ba. Mai bi ta Nijeriya zai bi Maiduguri da Dikwa zuwa Gamborun Ngala, ya tsallaka Fotokol ya nufi Kusiri. A kasuwar Gamborun nan aka kashe ɗaruruwan mutane a watan Mayun 2014. A ɓangaren Chadi na tafkin kuma, harin Barkaram na Oktoban 2024 ya ci rayukan sojoji kusan 40. Ke nan mai zuwa gabas sai ya ratsa gefen wata wutar kafin ya kai bakin wata.

Sai maganar lokaci. Daga Abeshe zuwa Adre tafiyar kusan kilomita 170 ce, ta bi ta Farshana, amma da damina, daga Yuli zuwa Satumba, koramu kan kawo ruwa su datse hanya, motoci su yi kwanaki suna jiran ruwa ya janye. Motar da ta maƙale a bakin korama ba ta iya gaba ba ta iya baya, ko da an ce ga masu bindiga nan tafe. Kuma a daminar 2025 cutar amai da gudawa ta ɓulla a sansanonin 'yan gudun hijira na yankin. Haka nan kada a manta Chadi ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS, ita kanta Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, don haka mai tafiya ya riƙe fasfo mai rai da katin allurar shawara da cikakkun takardun duwan na kayansa. Inda ake zaman ɗar-ɗar, baƙon da takardunsa ba su cika ba shi ake fara zargi.

A yi lissafi da alƙalami

Ɗan kasuwa na gari ba ya lissafin riba da kunne. Mu ɗauki misali kawai don a fahimta. A ce Alhaji yana da jarin miliyan 5 na sefa, yana juya shi tsakanin kasuwannin kan iyakarmu, kowane mako biyu yana samun jikka 400. Sai aka ce masa idan ya kai kaya gabas zai samu jikka 1,500 a tafiya ɗaya. A kunne wannan ya fi daɗi. Amma tafiyar, zuwa da sayarwa da karɓar kuɗi da dawowa, za ta iya cin mako shida. A cikin mako shidan nan da ya zauna gida da ya samu jikka 1,200. Daga waccan 1,500 kuma sai a cire ƙarin kuɗin mota, domin direba ba ya shiga hanyar haɗari a farashin hanyar lafiya, a cire na shingaye, a cire na masauki da na dillali. Idan waɗannan suka ci jikka 500, abin da ya rage 1,000 ne, ƙasa da abin da zai samu yana kwana a ɗakinsa. Sa'an nan idan aka yi rashin sa'a sau ɗaya kaya suka salwanta, sai ya yi tafiya biyar lafiya lau kafin ya mayar da jarinsa. Kamfanonin inshora kuwa a bisa al'ada ba sa biyan asarar da yaƙi ya jawo. Kowa ya sa nasa alƙaluman a wannan ma'auni, wani zai ga tafiyar ta biya shi, wani zai ga wahalar banza ce.

Akwai kuma asarar canji wadda mutane kan manta. Sefar Chadi ta bankin BEAC ce, tamu ta BCEAO ce. A takarda darajarsu ɗaya, amma a hannun ɗan canji sai an rage wani abu. Fam ɗin Sudan kuwa kada ma a kwana da shi. Kafin yaƙi dalar Amurka ɗaya ba ta kai fam 600 ba, amma a 2025 ta haura 2,500 a kasuwar bayan fage. A Disambar 2024 gwamnatin soja ta canja takardun fam 500 da 1,000, RSF kuma ta hana karɓar sababbin a yankunan da take riƙe da su, sai ya zamana kuɗin da ke ci a wani gari takarda ce kawai a wani. Shawararmu a nan ita ce, a sayar hannu da hannu, a karɓi sefa, kuma kada a ba da bashi ga wanda zai tsallaka iyaka da kaya, kome amincinsa, domin mutumin kirki ma hanya na iya rufe masa.

Labarin wa za a ɗauka?

A irin wannan lokaci labari ya fi kaya yawa a kasuwa. Dillalin da ke jiran la'adarsa zai ce lafiya lau, ko sauro ba ya cizo. Wanda ba ya son a zo a raba kasuwa da shi zai ce wuta ake yi ko'ina. Saƙonnin WhatsApp kuwa sau da yawa hoton bara ne ake yawo da shi a matsayin na jiya. Mu a aikinmu na rediyo akwai ƙa'idar da muke bi, ba ma sakin labari sai mun ji shi daga baki biyu da ba su haɗa hanya ba, kuma muna ganin ɗan kasuwa ma ya fi mu buƙatar wannan ƙa'ida tunda jarinsa da ransa ne a kai.

A tambayi direban da ya dawo cikin makon nan, ba wanda ya dawo watan jiya ba, a tambaye shi shingaye nawa ya ci karo da su, su wa ke tsaye a kansu, a ina ya kwana, kuma ko zai koma. A kira maigidan da za a sauka wurinsa a tambaye shi ko iyalinsa na nan tare da shi. Mutum na iya ɓoye maka gaskiya da baki, amma wanda ya kwashe matansa da 'ya'yansa ya kai su Injamena ya riga ya ba ka amsa. A riƙa sauraren sassan Hausa na BBC da RFI da DW safe da yamma, a haɗa da abin da shugabannin ƙungiyar direbobi da Sarkin Hausawan garin suka faɗa. Idan bakunan nan suka saɓa wa juna, a ɗauki wanda ya fi muni a yi shiri da shi.

A yanke shawarar juyawa tun daga gida

Madugan da suka jagoranci ayarin fatake a zamanin da ba su tashi sai sun san zangon da za su kwana da rijiyar da za su sha, kuma idan jagaba ya dawo ya ce gaba ba kyau, ayari kan tsaya ko da kaya za su yi kwantai. Abin da ke kashe ɗan kasuwa a yau shi ne idan ya riga ya kashe kuɗin mota ya yi nisa, sai zuciya ta riƙa ce masa saura kaɗan, ai ba a fasa ba. Maganin wannan shi ne tun yana gida, hankalinsa kwance, ya yanke wa kansa iyakar da ba zai wuce ba da alamomin da idan ya gani zai juya, ya kuma faɗa wa abokan tafiyarsa da iyalinsa don su zama shaida a kansa.

Alamomin sanannu ne ga duk wanda ya taɓa ganin gari na shirin rikicewa: layin salula ya ɗauke ba dalili, farashin man fetur ya yi tsalle a dare ɗaya, ƙungiyoyin agaji sun fara kwashe ma'aikatansu, manyan 'yan kasuwar gari suna rage kaya a shaguna, motocin soja sun yawaita suna nufar wuri guda, direbobin gari sun ƙi lodi kome kuɗin da aka ba su. Idan biyu daga cikin waɗannan suka haɗu, a karyar da kaya a sayar ko da a kan uwar kuɗi ne, a kama hanya da rana tsaka. Game da iyaka kuwa, a namu ganin wanda bai san yankin ba ya tsaya Injamena ya sayar wa masu zuwa gabas. Wanda ya saba, yana da amintaccen maigida kuma yana jin Larabcin Chadi, iyakarsa Abeshe. Ribar da ke tsakanin Abeshe da bakin iyaka a bar wa 'yan ƙasa, su suka san kowace korama da kowane mai bindiga. Tsallakawa cikin Darfur kuwa ba ma shawartar kowa da shi.

Kayan da ke jawo wa mutum bala'i

Ba kowane kaya ake ɗauka zuwa bakin yaƙi ba. Man fetur da babura da tayoyin mota da batura da na'urorin sadarwa su suka fi riba, kuma su ne mayaƙa ke nema, don haka wanda aka kama da su zai sha wuya kafin ya gamsar da jami'an tsaro cewa ba wani ɓangare yake yi wa aiki ba. Haka nan kada a karɓi ƙunshin saƙon da ba a buɗe an gani ba, ko na wane ne.

A dawowa ma akwai tarko. An wawashe gidaje da shaguna da motoci masu ɗimbin yawa a Khartum da garuruwan Darfur, kuma wasu daga cikin kayan nan sun ɓulla a kasuwannin ƙasashe maƙwabta a farashi mai arha. Hatta ƙaro, wanda kafin yaƙi Sudan ce ke samar da mafi yawan wanda duniya ke amfani da shi, ana fasa-ƙwaurinsa ta iyakoki. Motar da aka ce a saya a rabin kuɗinta ba takarda, ta wani bawan Allah ce da ke kwance a tantin 'yan gudun hijira. Bayan alhakin da ke ciki, ranar da aka zo bincike mai saye ne zai amsa tambaya, wanda ya sayar ya daɗe da ɓacewa. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Su wa ya kamata su haƙura?

Wanda jarinsa na bashi ne ko na amanar marayu da zawarawa, bai kamata ya kai shi inda zai iya salwanta a dare ɗaya ba. Wanda shi kaɗai ne ke ciyar da gida, ya tuna cewa ba ransa kaɗai ya ɗauka ba. Wanda zai sa dukan abin da ya mallaka a mota ɗaya, ya rage, ya tafi da abin da idan ya rasa shi gobe zai iya buɗe rumfarsa. Sai kuma iyayen gida masu zama a inuwa su tura yaran shago da kaya: inda Alhaji ba zai tura ɗan cikinsa ba, kada ya tura ɗan wani. Wanda kuma ya ƙudura zai tafi, ya rubuta abin da ake binsa da abin da yake bi ya bar wa iyalinsa, ya bar lambar direba da ta maigidansa na can, ya sa lokacin da zai riƙa kira kullum, ya ware kuɗin komowa daban a jikinsa wanda ba ya taɓa shi kome daɗin ciniki.

Mun san wasu za su ce ai kwana idan ya ƙare ko a kan gado ne sai an tafi. Haka ne, amma malamanmu sun sha faɗa mana cewa tawakkali ba ya hana mutum ɗaure raƙuminsa. Kasuwar Abeshe ta ci tun zamanin sarakunan Wadai, ta ga yaƙin 2006 ta ga na 2008, kuma duk ta sake cika bayan ƙura ta lafa. Wanda ya jira wata uku ya rasa ribar wata uku ne kawai, kuma da rai ake cin riba.

Allah ya kawo wa 'yan uwanmu na Sudan da Chadi zaman lafiya, ya tsare matafiya a duk inda suke, ya sa albarka a cikin neman kowa, amin.